Fitilu Uku da Askarawan Birni

Gidan da muka zauna a unguwar Ƙurban, cikin birnin Annabi, bene ne mai hawa biyu, mu a ƙasa, mai gidan a sama. Maigidana yana karatun fiƙihu a jami'a, yana rubuta kundinsa a kan hukuncin tsintuwa da ajiya. Ni kuwa na bar aikin koyarwa a wata firamare a Zariya na biyo shi. Larabcina bai wuce na cefane ba, amma akwai abu ɗaya da na fi shi, wato Turanci. Ina ce masa Malam, shi kuma yana ce mini Malama, musamman idan yana neman wani abu a wurina.

Mai gidan tsohuwa ce da kowa ke kira Hajiya. A goye iyayenta suka zo da ita daga ƙasar Katsina, da ƙafa, ta Sudan. Hausarta irin ta da ce, sai dai Larabci ya shiga tsakaninta. Ta yi shekaru tana kasa gyaɗa da turare a bakin hanyar masu ziyara kafin 'ya'yanta su girma su zaunar da ita. Autanta yana aiki a matatar mai a Yanbu. Yana jin Hausa sarai, amma idan ka yi masa magana da ita, da Larabci zai amsa.

Shi ne ya kawo mana kwamfutar, a tsakiyar shekarun tamanin. Ya saye ta a hannun wani abokin aikinsa da zai koma ƙasarsu. Shi autan za a tura shi horo na watanni, kuma ya san idan ya bar ta a sama jikokin Hajiya za su yi mata kaca-kaca, sai ya sauko da ita ya damƙa wa Malam ajiya. Ya haɗa ta da talabijin ɗinmu, ya nuna masa inda ake zura baƙin faifan nan mai faɗin tafin hannu, ya ce akwai wasa a ciki. Ina bayan labule ina jinsu. Malam ya ce masa shi ba mai wasa ba ne, amma zai riƙa kunna ta lokaci-lokaci don kada zama ya lalata ta.

Kafin ya fara sai da ya kusanto da fuskarsa jikin talabijin ya yi nazarin ɗan mutumin da ake wasan da shi. Bai fi ƙwayar wake ba, ba ido, ba hanci, sai wani ɗan tsinke a hannu da aka ce takobi ne. Malam ya yanke hukunci cewa wannan bai kai a kira shi hoto ba. Daga nan ya gyara zama.

Wasan na matafiyi ne. Akwai daji, akwai duwatsu da koguna masu duhu, akwai birni mai ganuwa da ƙofa ɗaya. A cikin birnin akwai kasuwa da rijiya a tsakiya, da masu gadi huɗu, biyu a ƙofa, biyu a kusurwoyin kasuwa. Idan ka tsaya gaban mutum ka danna wani harafi sai ya yi maka magana, maganar ta fito a rubuce da Turanci a ƙasan allo. A nan aikina ya samu. Duk Alhamis da Juma'a, daga la'asar zuwa kiran magariba, ina zaune a gefen Malam ina yi masa tafinta.

Malam ya yi wasan kamar yadda yake rayuwa. Ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba. Ba ya shiga gidan da ba a ce ya shigo ba. Masu gadin nan huɗu kuwa kullum sai ya zaga ya yi musu sannu da aiki, su kuma su maimaita masa jimla ɗaya tak, cewa a kiyaye dokar birni. Ya kan gyaɗa kai ya ce, "Gaskiyarsu."

Abin da ya tsare shi shi ne wani kogo a arewacin birnin. Ba a shiga sai da fitila, fitilunsa kuma sun ƙare. Mai shagon fitilu ya ce ba ya sayarwa sai ga wanda ya san wata kalmar sirri, mu kuwa ba mu san ta ba. Malam ya shiga kogon a makance ya fi sau goma, ana cinye shi a cikin duhu. Har a kan abinci zancen ke nan. Na gaji da jin labarin fitila.

Wata Talata da hantsi, yana jami'a, na gama shara na tsaya ina kallon kwamfutar. Ban taɓa taɓa ta ni kaɗai ba. Na kunna, na tafi da ɗan mutumin shagon fitilu. Tun da daɗewa na lura akwai wata 'yar kafa a bayan kantar, wadda Malam ba ya ko kallonta domin ba a gayyace shi ba. Na bi ta nan. Ga akwati. Na danna harafin buɗewa, rubutu ya fito cewa na samu fitilu uku. Ban gama murna ba sai layi na biyu ya biyo: mai shago yana ihun ɓarawo. Masu gadin nan da na sani a tsaye kamar turaku, sai ga su sun juyo.

Na ruga da ɗan mutumin bakin shagon. Malam ya sha gargaɗina cewa ba a kashe na'urar sai an danna harafin da ke adana inda aka tsaya, domin kayan amana ne. Na danna shi kamar yadda aka koya mini, na kashe, na rufe ta da ƙyallenta, na koma kicin na dafa abincin da ya fi so. Sai ina tsakiyar yanka albasa na gane abin da na yi. Na adana wasan daidai lokacin da ake neman ɗan mutumin ruwa a jallo.

Ranar Alhamis Malam ya dawo daga Masallacin Ƙuba, ya ajiye hularsa, ya kunna. Ya tarar da kansa a bakin shagon fitilu, masu gadi biyu suna nufo shi, rubutu yana fitowa a ƙasa.

"Malama, me suke cewa?"

Rubutun cewa yake, tsaya, ɓarawo. Na gyara murya na ce, "Wai ka tsaya, baƙo."

"Baƙo? Wata biyu ina garin nan. Kullum sai na gaishe su."

Ya tafi da ɗan mutumin kai tsaye wurin na gaba don ya yi masa bayani. Sara uku suka yi masa, allon ya yi baƙi, na'urar ta yi wani ɗan kuka mai kama da na mage. Ya sake kunnawa, faifan ya mayar da shi bakin shagon nan, masu gadi suka sake nufo shi, ya sake tarar su da gaisuwa.

Mako uku muka yi a haka. Ya cire takobin, ko shi ne ke tsorata su. Ya cire sulken. Ya tsaya cik bai motsa ba na tsawon shan shayi, sannan ya yi taku ɗaya cikin ladabi, suka yi masa yadda suka saba. Ya sa na rubuta masa Turancin "ku yi haƙuri" da "akwai rashin fahimta" da "ina son ganin shugabanku". Ya buga su harafi-harafi da yatsa ɗaya, wasan ya amsa da cewa bai san wannan zance ba. Ya yi tunanin ko an yi sauyin sarauta ne a birnin. Ya yi tunanin ko wani mai kama da shi ne ya yi ɓarna. Bai taɓa tunanin duba jakar ɗan mutumin ba, da ya ga fitilun. Ni kuma kullum ina gefe ina cewa, "Tsaya, baƙo," muryata tana ƙara ƙanƙancewa.

Wata Laraba ya dawo bayan azahar, na kawo abinci, ya wanke hannu, amma bai fara ci ba. Ya zaro wata 'yar takarda daga aljihu ya ajiye kusa da kwanon miya. Haruffa biyar ne, ya zana su da hannunsa kamar mai kwafar hatimi.

"Malama, na nuna wa wani ɗan'uwa daga Gana kalmar nan. Ya ce ma'anarta ɓarawo."

Na ce, "Turanci yana da faɗi, Malam."

"Na tambaye shi ko tana da ma'ana ta biyu. Sau biyu na tambaya. Ya ce ba ta da ita."

Na faɗa masa komai, tun daga shara har zuwa albasa. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya dubi shinkafa, ya ɗago ya ce, "Akwatin, a kulle yake ko a buɗe?"

"A rufe dai yake. A bayan kanta."

"A cikin shagon mai shi, kuma yana nan a tsaye?"

"Yana nan."

Ya yi ajiyar zuciya. "To, ba tsintuwa ba ce." Ya ja kwanon ya fara ci. Bayan loma kamar biyar ya ƙara da cewa, ba tare da ya dube ni ba, "Uku kika ce?" Na ce uku. Ya gyaɗa kai. Na ga yana ƙoƙarin hana bakinsa murmushi, ya cika shi da shinkafa.

Washegari ya koma gaban masu gadin da sabon ƙuduri. Yanzu ya san laifin, zai amsa shi. Suka sare shi kafin ya gama buga kalmar farko. Ana cikin haka muka ji takun Hajiya a matakala, tana saukowa a hankali tana dafa bango. Ta shigo da farantin dabino, ta ce mako uku ke nan tana jin kukan mage daga ɗakinmu, ta zo ta ga ko mun samu dabba ne ba mu gaya mata ba.

Malam ya miƙe ya ba ta kujera, ya yi mata bayani a taƙaice, ya ɓoye sunan mai laifi. Ta dube ni sau ɗaya, na sunkuyar da kai, shi ke nan ta gane. Ta matso da kujerar, ta ce a yi ta gani. Aka yi, aka kashe shi. Ta ce a sake. Aka sake kashe shi.

"Ustaz," ta ce, "waɗannan askarawan ne?"

"Su ne, Hajiya."

"Kai kuma kana zuwa wurinsu da ƙafarka?"

"Ina so in yi musu bayani ne."

Ta tofar da ƙwallon dabino a tafin hannunta. "Ya waladi, ɗana, askari idan ya riga ya taso, ba ya jin bayani. Ba mugunta ba ce, aikinsa ne. Shekara nawa na yi ina kasa kaya inda aka hana? Da na hango su sai in tattare bakin zanin gyaɗata huɗu, in bi lungu, in tafi gidan 'yar'uwata in sha shayi. Sai an yi salla biyu in dawo. Wanda ya kore ni da safe ya tashi daga aiki, na yamma har gaishe ni yake yi. Ka fita musu daga garin."

Malam ya ce gudu kamar amsa laifi ne ba tare da tuba ba. Hajiya ta ce ya tuba a bayan gari, Allah yana can ma. Ya ce ai ƙofar ɗaya ce, kuma biyu daga cikinsu suna tsare da ita. Ta ce ya kunna dai.

Da ya kunna sai ta ɗaga hannu ta ce kada ya taɓa komai. Muka zuba wa allon ido. Masu gadin ba su motsa ba.

"Ka gani? Ba sa taku sai ka yi taku. Saurin nan kai kake yi wa kanka. Yi ɗaya hagu."

Ya yi ɗaya hagu, suka yi ɗaya. Mako uku muna kallon abin nan, ni da takardar malanta, shi da digiri, ba mu lura ba.

Daga nan Hajiya ta karɓi ragama. Ba ta taɓa na'urar ba, ta ce ba ta son abin da ke jan wuta, amma ta miƙa sandarta tana nuna allon. "Hagu. Hagu. Sama. Tsaya. Bar su su matso. Yanzu zagaya rijiyar." Dabararta ita ce a ja su huɗun duka zuwa tsakiyar kasuwa, har na bakin ƙofa su bar wurinsu, sannan a zagaya rijiya su jeru a baya kamar 'yan makaranta, a bi ta tsakanin rumfuna inda mutum ɗaya kaɗai ke iya wucewa. Karo na farko Malam ya rikita hagu da dama. Karo na biyu ya kauce hanya don kada ya bangaji wata mai sayar da burodi. Karo na uku Hajiya da kanta ta yi kuskuren ƙirga, ta ɗora laifin a kan tabarau ɗinta. A na huɗu ɗan mutumin ya fice ta ƙofar birni, askarawa huɗu a bayansa, ba wanda ya kai gare shi.

"Halas, an gama," in ji Hajiya. "Yanzu ka nemi gindin bishiya ka kwanta."

Akwai harafin yada zango. Malam ya danna, allon ya yi duhu na ɗan lokaci, gari ya waye a cikin wasan. Ya koma ƙofar birni yana taku ɗaya-ɗaya. Masu gadi biyu suna tsaye a wurinsu na da. Ya tsaya gaban ɗaya ya danna harafin magana.

Na karanta, "Barka da zuwa, matafiyi. A kiyaye dokar birni."

Malam ya ƙura wa rubutun ido. Ya tashi ya ɗauko ƙamus ɗina daga kan kanta, ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Sai da ya tabbatar sannan ya rufe ya ce, "Daidai ne." Ban ga laifinsa ba.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe shi ba ta kwanta masa ba. Ya ce mantawarsu ba ta halatta kayan ba, dole a mayar wa mai shi. Hajiya ta ce ya bar zancen. Ya ce ba zai iya ba. Ya tafi shagon, ya sa na nuna masa kafar bayan kanta, ya tsaya gaban akwatin da niyya mai kyau, ya danna harafin buɗewa don ya zuba fitilun a ciki. Mai shago ya ƙwalla ihun ɓarawo. Askarawa huɗu suka juyo.

Hajiya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na kawo mata ruwa. Tana sha tana nuna allon da sanda, "Hagu, hagu, sama." Wannan karon a gwajin farko suka fita.

Mun duba, wasan ba shi da hanyar mayar da abu cikin akwati. Malam ya kwana biyu yana juya mas'alar, sannan ya sanar da ni matsayarsa. Shi ba zai kunna fitilun ba. Amma tunda hannuna ne ya ɗauko su, nauyinsu yana kaina, idan na ga dama in kunna su a ranakuna nawa. Ban san ina da ranaku ba sai a lokacin. Haka na samu Litinin da Talata a hukumance. Da fitila biyu na ratsa kogon nan, na fito ta ɗaya gefen na tarar da teku da wani ƙauye. Da ya dawo na faɗa masa, sai ya ce shi ba ya son jin abin da aka samu ta wannan hanya. Bayan sallar la'asar kuma ya tambaye ni ko mutanen ƙauyen suna da kirki.

Hajiya kuwa ta samu abin yi. Duk Alhamis sai ta sauko da dabinonta. Daji da kogo ba su dame ta ba, takan yi gyangyaɗi idan ana can. Da an shigo birni sai ta farka ta ce, "'Yar nan, ɗan taɓa musu akwatin mana." Malam ya kan fita tsakar gida ya duba tukwanen na'ana'ansa a irin wannan lokaci, sai mun fice daga ƙofar birni ya dawo.

Da autan Hajiya ya gama horonsa ya zo ɗaukar kayansa, na koma bayan labule, Malam ya ba shi labarin duka, Hajiya tana gyara masa wuraren da ya rage. Saurayin ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce da Larabci ai akwai harafin miƙa wuya. Idan askarawa suka taso, sai ka danna shi, su kai ka kurkuku ka kwana ɗaya, su karɓe abin da ka ɗauka, da safe su sake ka. Ya ce ya ɗauka ya nuna masa tun ranar farko.

Ina jin yadda muryar Malam ta sauya. "Su karɓe kayan? Su mayar wa mai shi?"

Saurayin ya ce yana jin haka ne.

"Ashe garin yana da shari'a," in ji Malam. Ya roƙe shi ya ba shi minti goma kafin ya kwance wayoyin.

Saura fitila ɗaya a jakar ɗan mutumin. Amma askarawan ba sa kama wanda ba su ji an yi wa ihu ba, don haka Malam ya tafi da ƙafarsa bayan kanta ya sake buɗe akwatin bawan Allah, da gangan. Mai shago ya yi ihu, askarawa suka taso, ya nufe su taku ɗaya-ɗaya har suka kewaye shi, ya danna harafin. Allon ya koma wani ɗan ɗaki mai bango huɗu da ƙofar ƙarfe, ɗan mutumin a tsakiya. Na leƙo ta gefen labule na ga Malam ya jingina da bango ya harɗe hannuwa, fuskarsa a sake, yana kallon kurkukun.

Hajiya ta dafa sandarta ta miƙe. Ta ce ita ba za ta zauna ta ga an kama mutumin da ta koya wa hanya ba. Ta ɗauki farantinta, da sauran dabino a ciki, ta hau sama.